Jirgin Koyar da Mayaƙan Sama: Yadda Aka Tsara Tucano, Aka Kuma Ƙera Shi



Duk wanda ya ji an ce za a yi lacca a kan jirgin saman soja, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne jirgin nan mai tsinin baki, wanda yakan gilma ya ɓace kafin rugugin ƙararsa ya iso kunne. To, ina neman afuwar waɗanda suka zo da wannan tsammani, domin jirgin da zan yi magana a kansa yau farfela ce a hancinsa, kamar jiragen zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, gudunsa kuwa bai kai rabin gudun sauti ba. Amma fa a ƙasashe da yawa a yau, matuƙin da ake gani cikin wancan mai tsinin baki a cikin irin wannan mai farfela ya koyi sana'arsa. Na zaɓi guda ɗaya daga cikinsu, watau Tucano na kamfanin Embraer na ƙasar Birazil, saboda dalilai biyu. Na farko, a tarihinsa ana iya ganin kowace shawara da masu tsara irin wannan jirgi sukan yanke, da abin da ya sa suka yanke ta. Na biyu, ƙanensa da ake kira Super Tucano yana nan a Kainji tun zuwansa a 2021, saboda haka maganar ta shafe mu.

Matsalar da ake son warwarewa

Bari mu fara da ɗalibin, domin saboda shi aka yi jirgin. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda aka fara koya wa tashi da sauka a ƙaramin jirgi mai injin fistin, irin injin mota, ana kuma so nan da shekara biyu ko uku a danƙa masa jirgin yaƙi na miliyoyin daloli. Tsakanin wannan ƙaramin jirgi da wancan babba akwai rata mai faɗi ƙwarai, kuma a cikin ratar nan ne ake koyon ainihin aikin: juyi da alkafura a sama, tafiya a jere fiffike kusa da fiffike, tuƙi cikin gajimare da dare sa'ad da ido ba ya ganin komai sai agogunan da ke gaban matuƙi, da neman hanya a ƙasa-ƙasa dab da kan itatuwa.

Masu dawaki sun san wannan matsala tun kafin a ƙirƙiro jirgi. Yaron da ake so ya zama barde ba a koya masa sukuwa a kan jaki, domin jaki ba zai nuna masa kuskurensa ba. Ba a kuma ɗora shi kan ingarman da ya gagari manya, domin kuskuren farko shi ne zai zama na ƙarshe. Ana neman dokin da zai nuna wa yaro ya yi kure, amma ya bar shi da ransa ya gyara. Haka jirgin koyo yake. In ya cika sauƙi, ɗalibi ya fita da munanan ɗabi'u da za su kashe shi a gaba. In ya cika wuya, a kori ɗalibai nagari waɗanda da an yi musu haƙurin 'yan sa'o'i da sun ƙware, ko kuwa a yi ta jana'iza. Daɗin daɗawa, jirgin nan zai tashi sau huɗu ko biyar a yini, a yi ta buga shi da ƙasa wajen sauka, shekara ashirin ko talatin, saboda haka kowace lita ta mai da kowace sa'a ta makaniki sai an ninka ta sau dubbai kafin a san kuɗinta na gaskiya.

A shekarun 1950 da 1960 manyan ƙasashe suka yanke shawara cewa tun da jet ɗalibi zai tuƙa a ƙarshe, to, a koya masa a jet tun da wuri. Amurka ta yi Cessna T-37, Ingila ta yi Jet Provost, Faransa ta yi Fouga Magister. A lokacin mai yana da araha, babu wanda ya damu da abin da suke sha. Sai ga rikicin man fetur na 1973, farashi ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni.

Birazil da makarantarta

Birazil tana cikin ƙasashen da abin ya fi yi wa zafi, domin a wancan zamani mafi yawan man da take sha sayo shi take yi daga waje. Tsananin ne ma ya sa a 1975 ta ɓullo da shirin tuƙa motoci da barasar rake. Makarantar hafsoshin samanta da ke Pirassununga kuwa T-37 take amfani da shi, jirgi mai inji biyu, mai shan mai, wanda kayan gyaransa daga Amurka suke zuwa. A 1977 gwamnatin Janar Geisel ta soke yarjejeniyar taimakon soja da ke tsakaninta da Amurka, bayan saɓanin da suka samu da gwamnatin Shugaba Carter. Ke nan ga tsadar mai, ga tsufan jirage, ga kuma rashin tabbas game da mai sayar da kayan gyara.

Abin da ya bambanta Birazil da sauran ƙasashen da suka shiga irin wannan hali shi ne ba ranar tafiya ta fafe gorarta ba. Tun 1950 wani hafsan sama, Casimiro Montenegro Filho, ya kafa makarantar koyon injiniyancin jiragen sama da ake kira ITA, wadda ta zauna a garin São José dos Campos tare da cibiyar bincike ta mayaƙan sama. Shekara goma sha tara makarantar nan tana yaye injiniyoyi kafin a kafa kamfanin Embraer a 1969, a ƙarƙashin ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibanta, Ozires Silva. Ina roƙon 'yan'uwana malamai su riƙe wannan lissafi na shekara goma sha tara, domin mu a nan mun fi son a aza harsashin masana'anta yau a yanke kirtani gobe. Kamfanin ya fara da Bandeirante, ƙaramin jirgin fasinja na tsarin gida, sa'an nan daga 1971 ya shiga ƙera jirgin jet na Italiya, MB-326, da izinin masu shi, ya sa masa suna Xavante. A wajen Bandeirante ya koyi tsarawa, a wajen Xavante ya koyi yadda ake ƙera jirgin soja daidai da ƙa'ida.

A watan Disamba na 1978 Ma'aikatar Sufurin Sama ta soja ta ba Embraer kwangilar tsara sabon jirgin koyo, da ƙera guda biyu na gwajin tashi da wasu gangar jiki biyu da za a gwada ƙarfinsu a ƙasa. Wanda ya jagoranci tsarin shi ne Joseph Kovács, mutumin Hangari da ya yi ƙaura zuwa Birazil bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi ne ya tsara T-25 Universal, ƙaramin jirgin da ɗaliban ke farawa da shi, saboda haka ya san hannun da zai karɓi sabon jirgin.

Injin

Shawara ta farko, wadda duk sauran suka rataya a kanta, ita ce ta inji, kuma a nan zan ɗan dakata, domin in ba a fahimci wannan ba sauran bayanin ba zai zauna ba.

Kowane jirgin sama yana tafiya gaba ne ta hanyar tura iska baya. Hanya biyu ce: ko dai ka ɗebi iska kaɗan ka cilla ta baya da gudun tsiya, ko kuwa ka ɗebi iska mai yawa ka tura ta sannu. Injin jet na farko yake yi, farfela na biyu take yi. Mai tuƙa kwalekwale ya san bambancin: da filafili mai faɗi yakan ja ruwa mai yawa a hankali ya yi nisa bai gaji ba, amma in aka ba shi siririn sanda sai ya yi ta dukan ruwa da sauri, gumi yana zuba, tafiyar kuwa kaɗan. Iskar da jet ya cilla baya da gudu fiye da kima, ƙarfin da ke cikinta asara ne, an ƙona mai an zubar a sarari. Asarar tana raguwa ne kawai idan jirgin kansa yana gudu ƙwarai, a can sama inda iska ba ta da kauri. Ɗalibi kuwa yawancin aikinsa a ƙasa-ƙasa yake, yana kewaya fili yana tashi da sauka, watau daidai inda jet ya fi ɓarna.

Injin da aka zaɓa ya haɗa abu biyu. Cikinsa cikin jet ne: fanka tana zuƙo iska ta matse ta, a fesa mata kananzir a kunna wuta, iskar mai zafi ta kumbura ta fito da ƙarfi. Amma maimakon a sake ta ta fita ta baya, sai a sa ta juya wata fanka, wannan kuma ta juya farfela ta hanyar giya. Fankar ciki tana juyawa sama da sau 30,000 a minti, giyar ta sauko da shi zuwa wajen 2,000, domin in bakin farfela ya kusanci gudun sauti sai ya daina cizon iska ya koma yin ƙara kawai. Wannan shi ne kuma ya sa jirgi mai farfela yake da iyakar gudun da ba zai wuce ba. Irin wannan inji, watau jet mai juya farfela, ya fi injin fistin sauƙin nauyi da ƙarancin sassa masu motsi, kuma kananzir ɗin jiragen jet yake sha, wanda ake samu a kowane sansani.

Wanda Embraer ya ɗauka shi ne PT6A-25C na kamfanin Pratt & Whitney na Kanada, mai ƙarfin doki 750. Dangin PT6 sun fara aiki tun farkon shekarun 1960, kuma suna da wata siffa mai ban sha'awa: a juye ake ɗaura injin, iska ta shiga ta bayansa ta yi gaba, shi ya sa za ku ga bututun hayaƙi a gefen hanci, dab da farfela. Fankar da ke juya farfela kuma ba a haɗe take da wadda ke matse iska ba, iska mai zafi ce kaɗai tsakaninsu, abin da ya sauƙaƙa tayar da injin da kuma gyaransa.

Ya kamata in yi adalci a nan. Ba Birazil ce ta fara sa wannan inji a jirgin koyo ba. Kamfanin Pilatus na Suwizalan ya gwada tun 1966, abin da ya zama PC-7, kamfanin Beech na Amurka kuma ya tashi T-34C a 1973. Sai dai waɗannan duka tsofaffin jirage ne masu injin fistin aka sake wa inji. Kovács da mutanensa daga farar takarda suka fara, suna tambayar kansu yadda za a yi jirgi mai farfela ya koyar da ɗabi'un jet.

Abin da aka yi wa ɗalibi

Amsar farko tana hannun hagu na matuƙi. A jirgi mai farfela na da, liba biyu ko uku matuƙi yake sarrafawa: ɗaya ta totur, ɗaya ta karkatar da ganyen farfela, wani lokaci da ta uku ta cakuɗa mai da iska. Jet kuwa liba ɗaya gare shi, ka tura gaba ya ƙara ƙarfi, ka jawo baya ya rage. A Tucano aka haɗe aikin inji da na farfela a liba guda. Abin kamar ƙarami ne, amma hannu abin da ya saba yake yi ranar firgita, ba ya jiran shawarar ƙwaƙwalwa. Ɗalibin da ya yi sa'a ɗari yana laluben liba uku, ranar da ya shiga matsala a jet sai hannunsa ya nemi abin da babu.

Ta biyu ita ce zama. A T-37 da Jet Provost malami da ɗalibi kafaɗa da kafaɗa suke zaune. Wannan yana da amfaninsa, domin malami yana ganin hannun ɗalibi da fuskarsa, yana iya nuna masa abu da yatsa, kuma har yau akwai tsofaffin malaman tuƙi da suke ganin an yi asara da aka bar shi. Amma matuƙin jirgin yaƙi shi kaɗai yake zama, a tsakiyar jirgi, yana gani dama da hagu daidai wa daida. Saboda haka aka sa ɗalibi a gaba, malami a baya, aka kuma ɗaga kujerar malami domin ya hango gaba ta saman kan ɗalibinsa, musamman wajen sauka. Aka rufe su duka da gilashi guda mai kama da ƙoƙo, ba tare da ƙarafan da za su tare ido ba. Ɗalibi in ya duba bai ga kowa ba sai sama da ƙasa. Muryar malami kaɗai yake ji a kunne. Ni a ganina wannan kaɗaici wani ɓangare ne na darasin.

Ta uku ita ce kujerar tsira, wadda in jirgi ya ƙi, matuƙi ya ja igiya ta cilla shi sama, laima ta buɗe. Kafin wannan lokaci ana ganin irin wannan kujera ta jet ce, ga nauyi ga tsada, matuƙin jirgi mai farfela sai dai ya buɗe rufi ya haura ya faɗa. Embraer ya sa kujerun Martin-Baker na Ingila tun a tsarin farko. Lissafin a fili yake: jirgi ana sayen wani, amma malamin tuƙi shekara da shekaru ake yi kafin a same shi.

Sa'an nan ƙarfin jiki. An tsara jirgin ya jure ninki shida na nauyinsa sa'ad da aka fizge shi sama, da ninki uku in aka juya akasin haka. Ma'anar wannan ita ce, saurayi mai nauyin kilo 70 zai ji kansa kamar kilo 420 a kan kujera, jini yana sauka daga kai zuwa ƙafa, gani yana dushewa. Dole ya san wannan yanayi a gaban malami kafin ya gamu da shi a gaban abokin gaba. Haka nan dole jirgin ya yarda a sa shi juyin katantanwa da gangan, watau a rage gudu har iska ta saki fukafukai ya riƙa faɗowa yana juyawa, kuma ya fita daga juyin duk sa'ad da aka bi ƙa'idar fita. Siffar wutsiya da girmanta a kan wannan buƙata aka auna su.

Akwai abu ɗaya da farfela ba ta yarda a ɓoye shi gaba ɗaya ba. Idan tana juyawa dama, jirgin yana son juyawa hagu, iskar da take murɗawa baya kuma tana bugun wutsiya ta gefe ɗaya, saboda haka duk sa'ad da aka ƙara totur sai hanci ya karkata, sai matuƙi ya taka feda ya daidaita shi. Jet ba ya haka. Jiragen da suka biyo baya, kamar T-6 na Amurka da PC-21 na Pilatus wanda ya fara tashi a 2002, na'ura aka sa musu tana yin wannan gyara da kanta.

Daga ƙarshe aka sa wa fukafukan maratayi huɗu da za su ɗauki makamai har kilo 1,000, don koyon harbi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Gwaji da kasuwa

Jirgin farko ya tashi ran 16 ga Agusta, 1980, ƙasa da shekara biyu da sa hannu a kwangila. A 1981 aka raɗa masa suna Tucano, sunan wani tsuntsu na dazuzzukan ƙasar mai ƙaton baki, wanda in Bahaushe ya gan shi zai ce ɗan'uwan cilakowa ne. A watan Agusta na 1982 ɗaya daga cikin jiragen gwajin ya wargaje a sama sa'ad da ake gwada shi a iyakar gudunsa. Matuƙan biyu suka ja igiya, suka sauko da ransu. Watau kujerar da wasu suke ganin almubazzaranci ce, kafin a miƙa jirgi ko ɗaya ta riga ta ceci mutum biyu, kuma bayanin da suka kawo ya taimaka wajen gano inda rauni yake. Mayaƙan saman Birazil suka yi odar 118, aka fara miƙa musu a watan Satumba na 1983, suka kira shi T-27.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A ƙarshen 1983 Masar ta ƙulla cinikin jirage 120, nata da na Iraƙi, aka harhaɗa mafi yawansu a masana'antar Helwan kusa da Alƙahira. Amma abin da ya girgiza masana shi ne na watan Maris 1985, sa'ad da mayaƙan saman Ingila suka zaɓi Tucano guda 130 don maye gurbin Jet Provost, bayan gasa mai zafi da PC-9 na Pilatus. Ƙasar da ta ƙera Spitfire ta sayi tsarin jirgi daga Kudancin Amurka. Sai dai kada mu ruɗi kanmu cewa nagarta ce kaɗai ta yanke hukunci; kamfanin Short Brothers na Belfast ne zai ƙera su, a yankin da ke fama da rikici da rashin aikin yi, kuma an yi ta faɗa a lokacin cewa wannan da arahar farashi sun yi nauyi a ma'auni. Ingilishi suka nemi a sake inji zuwa Garrett mai ƙarfin doki 1,100 don ya hau sama da sauri, a ƙarfafa gilashi saboda karo da tsuntsaye a tafiyar ƙasa-ƙasa, a ƙara birkin iska a ciki, a kuma tsara ɗakin matuƙi ya yi kama da na Hawk, jirgin da ɗalibi zai koma. Gyare-gyaren suka yi yawa har aiki ya yi jinkiri, ba a fara miƙawa ba sai 1988. Wannan darasi ne da injiniyoyi suke maimaitawa: taɓa abu ɗaya a jirgi, goma su motsa. Inji mai ƙarfi yana kawo nauyi, nauyi yana canja ma'aunin jirgi, wannan kuma ya taɓa wutsiya da halin juyin katantanwa, sai a sake gwaji daga farko. Jiragen sun yi aiki har 2019. Wanda ya gaje su kuwa shi ne Texan, wanda asalinsa PC-9 ɗin nan ne da aka kayar a 1985.

Faransa ma ta saya, haka ƙasashe da dama na Kudancin Amurka, har jimlar da aka ƙera ta wuce 600.

Daga aji zuwa fagen fama

A farkon shekarun 1990 Embraer ya shiga mawuyacin hali na kuɗi, har gwamnati ta sayar da shi ga 'yan kasuwa a Disamba 1994. A cikin wannan hali ya tsawaita Tucano, ya sa masa inji mafi ƙarfi, ya shiga gasar samar wa sojan Amurka jirgin koyo, ya kuma sha kaye a 1995 a hannun jirgin da ya zama T-6. Abin da ya ceci aikin shi ne dajin Amazon. Gwamnatin Birazil tana kafa shirin sa ido a kan dajin da na'urorin hangen jirage, tana kuma bukatar jirgin da zai tare ƙananan jiragen masu fataucin ƙwaya da masu haƙar ma'adinai ba da izini ba. Jet ya yi wa wannan aiki gudu da yawa. Ba ya iya rage tafiya ya jera da ƙaramin jirgi, ba ya daɗewa a sama, ba ya kuma sauka a filin da ba kwalta.

Haka aka sami Super Tucano, ko A-29, wanda ya fara tashi ran 2 ga Yuni, 1999. Injinsa PT6A-68C ne mai ƙarfin doki 1,600, fiye da ninki biyu na na farko, farfelarsa mai ganye biyar. An dasa bindigogi biyu a cikin fukafukai, an yi maratayi biyar masu ɗaukar wajen tan ɗaya da rabi, an sa sulke kewaye da matuƙa, an maye gurbin agoguna da allunan kwamfuta, ana kuma iya rataya masa na'urar gani da dare a ƙarƙashin ciki. Kolambiya ta sayi 25, ta yi amfani da su a kan 'yan tawayen FARC, har da harin 1 ga Maris, 2008, a cikin ƙasar Ekwado, wanda ya kashe ɗaya daga cikin shugabanninsu, Raúl Reyes, ya kuma kusa haddasa faɗa tsakanin maƙwabta. Amurka ta sayi wasu ta ba Afganistan, waɗanda aka harhaɗa a Jacksonville ta jihar Florida tare da kamfanin Sierra Nevada.

Ku lura da abin da ya faru. Siffofin da suka sa jirgin ya dace da ɗalibi, watau ƙarancin shan mai, da daɗewa a sama, da gani sosai daga ɗakin matuƙi, da kujera ta biyu, da jure wahala, su ne suka sa ya dace da yaƙin sunƙuru. Amma da sharaɗi: abokin gaba ya zama ba shi da jiragen yaƙi ko makamai masu linzami na kakkaɓo jirgi. In yana da su, jirgin da gudunsa bai kai kilomita 600 a sa'a ba abin farauta ne.

Inda maganar ta iso gida

Burkina Faso da Muritaniya da Mali da Angola sun sayi Super Tucano. Nijar da Chadi sun nufi Turkiyya suka sayo Hürkuş, wanda shi ma ɗan wannan gida ne na jiragen koyo masu farfela. Nijeriya ta nemi guda 12 ta hannun gwamnatin Amurka, kuma labarin cinikin ya cancanci a tsaya a kansa. Ana cikin magana sai ga abin da ya auku a Rann ta jihar Borno ran 17 ga Janairu, 2017, inda jirgin mayaƙan sama ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira, mutane masu yawa suka rasu. Gwamnatin Obama ta dakatar da cinikin, ta Trump ta amince da shi a cikin wannan shekara, aka horar da matuƙanmu a sansanin Moody na jihar Jojiya, shida na farko suka iso a watan Yuli na 2021, sauran suka biyo baya kafin ƙarshen shekara.

Me ya ba Amurka bakin magana a kan jirgin Birazil? Na Nijeriya dai a Florida aka harhaɗa su. Amma ko wanda aka ƙera a São José dos Campos bai kuɓuta ba, domin akwai kayan Amurka a cikinsa, injin kuma na reshen kamfanin Amurka ne da ke Kanada. Da wannan hujja Amurka ta hana Embraer sayar wa Benezuwela Super Tucano a zamanin Hugo Chávez. Ku dubi Tucano, da PC-7 da PC-9 da PC-21, da T-6, da KT-1 na Koriya ta Kudu, da Hürkuş: dukkansu dangin PT6 ne a hancinsu. Birazil, da duk shekarun da ta yi tana wannan aiki, ta mallaki tsarin jirgi da ƙirarsa, amma injin har yanzu saye take yi. Duk wanda ya ce mana za a ƙera jirgin soja na gida ɗari bisa ɗari cikin 'yan shekaru, a tambaye shi wa zai narka ƙarfen fankar da ke juyawa cikin wuta sau 30,000 a minti.

Game da Rann kuma, zan faɗi ra'ayina a fili. Jirgi mai tafiya a hankali, mai na'urar gani, mai mutum na biyu a baya wanda aikinsa duba ƙasa, ya fi jet ba matuƙi damar tantance abin da ke ƙarƙashinsa. Dama ce kawai. Na'ura tana nuna taron mutane, ba ta faɗin ko 'yan bindiga ne ko masu zaman makoki. Wannan aikin masu tattara labari ne a ƙasa, da hafsan da ya ba da umurni, da irin tarbiyyar da aka yi wa matuƙi tun yana kujerar gaba, malami yana bayansa, a kan lokacin da ya wajaba ya ɗauke yatsa ya komo gida da bom ɗinsa.

Mu ma mun taɓa ɗaukar hanyar ƙira. A Kaduna aka harhaɗa Air Beetle guda 60, ƙaramin jirgin koyo mai injin fistin, bisa tsarin wani jirgin Amurka mai suna RV-6A, aka kuma yaye matuƙa da shi a makarantar tuƙi ta mayaƙan sama da ke can. Wannan mataki ne irin wanda Embraer ya taka da Xavante. Bambancin shi ne, da Xavante ya fara tsufa, akwai Kovács da ɗaruruwan ɗaliban ITA zaune a ofishin zane, da kwangilar gwamnati a hannunsu tun Disamba 1978. Da Air Beetle ya tsufa, a 2016 aka ƙulla cinikin Super Mushshak guda goma daga Pakistan.

Shugaban taro, na ga lokacin da aka ɗebar mini ya cika.